Kaina ya ɗaure a karatun fasahar gajimare: in karɓi kuɗin kawu ko in haƙura?

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 28 a Zariya. Na yi HND, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, yanzu ina zaman shagon POS na wani ɗan'uwanmu. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya ce mini yanzu kuɗi suna cikin fasahar gajimare, wato hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet, wai wanda ya riƙe satifiket na AWS, sashen gajimare na kamfanin Amazon, yana iya aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala. Na fara kallon darussa a YouTube, amma da zarar malamin ya zo kan VPC da sabnet da lambobin nan irin su 10.0.0.0/16, sai kaina ya ɗaure. Ina bin abin da yake dannawa ina dannawa, abin ya yi, amma in na rufe bidiyon ba na iya maimaitawa. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta 4GB. Kawuna ya ce zai biya mini naira 400,000 na wani kwas na wata uku da ake ta tallarsa, waɗanda suka ce za su samo wa ɗalibansu aiki. Tsorona in karɓi kuɗin bawan Allah in zo in kasa. Shin ni ne ba ni da ƙwaƙwalwar abin, ko kuwa na makara? In karɓa ko in haƙura?

Ƙaninka daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa kawu da alheri, ya ƙara masa buɗi. Kada ka karɓi kuɗin nan yanzu, kuma kada ka haƙura da karatun. Ka roƙe shi ya ajiye maka su, domin akwai lokacin da za su yi maka amfani fiye da yau.

Maganar ƙwaƙwalwa kuwa, cire ta daga ranka. Ta tsakiya ka shiga karatun, shi ya sa. Wannan VPC da ke ɗaure maka kai, wato netwok ɗinka na kanka da kake tsarawa a cikin gajimare, ba sabon abu ba ne, tsohon netwok ne irin wanda ake shimfiɗawa a banki ko a jami'a, mai rauta da siwici da katangar tsaro, sai dai maimakon ka taɓa na'urorin da hannu, a allo kake tsara su. Tsarin adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, wanda muke amfani da shi, an rubuta ƙa'idarsa tun 1981. Salon rubuta shi da wannan karkatacciyar sandar, /16 ko /24, ya zo a 1993. Amazon kuwa sai a 2006 ta fara ba da hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet. Mutanen da suka fara shiga harkar tsofaffin ma'aikatan netwok ne da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, kuma yawancin darussan da kake kallo har yau ana shirya su ne kamar mai kallo ya san waccan tsohuwar sana'ar. Malamin ya wuce wurin cikin minti biyu saboda a wurinsa abin a bayyane yake. Kai kuma ba wanda ya taɓa koya maka, sai ka ɗauka laifinka ne.

Ita kanta fasahar ba wani abin mamaki ba ce. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google sun gina manya-manyan gidaje cike da kwamfutoci, suna ba da hayarsu, ka biya gwargwadon abin da ka yi amfani da shi. Gidajen nan a ƙasa suke, suna shan wuta, suna buƙatar sanyi. A Afirka, Microsoft ta buɗe nata a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon ta buɗe a Cape Town a 2020, Google ta biyo baya a Johannesburg a 2024. Abin da ke sada ka da su daga Zariya waya ce, wani ɓangarenta a kwance a ƙarƙashin teku. Tunda a shagon POS kake, ba sai na tuna maka ranar 14 ga Maris 2024 ba, lokacin da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a tekun da ke gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin wasu bankuna suka tsaya cak. Kwamfutocin suna nan lafiya lau, hanyar isa gare su ce ta yanke. Haka ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida: wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse hanyoyin da ke haɗa gidajen kwamfutocinsu, sabobinsu na DNS, masu fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi, suka janye sanarwar hanyarsu, duniya ta rasa ta inda za ta same su. Duk wanda ya yi aikin nan zai gaya maka cewa kaso mai yawa na abin da ke tayar da injiniya tsakar dare daga netwok yake fitowa. Saboda haka wanda ya tsallake shi don ya yi saurin kai wa ga dala, a farkon matsala asirinsa zai tonu.

To, ga inda za ka faro, kuma ba ya buƙatar ko sisin kawu.

Gobe in kasuwa ta lafa, kunna hosfot na wayarka ka haɗa kwamfutarka. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig. Za ka ga an ba kwamfutarka wata lamba, galibi mai farawa da 192.168, ko 172.20.10 in iPhone ce. A ƙasa kaɗan za ka ga wata lambar a gaban Default Gateway, ita ce wayarka, wato ƙofar da duk fakitin bayanai zai bi in zai fita waje. Sai ka rubuta ping 8.8.8.8, wannan sabar Google ce, ka ga amsa tana dawowa da adadin lokacin da ta ɗauka. Sannan ka rubuta ping google.com. In wata rana na farko ya yi, na biyu ya ƙi, to intanet ɗinka lafiya yake, mai fassara suna zuwa lamba ne ya gaza, shi ne DNS. Daga nan ka rubuta tracert google.com ka zauna ka kalli rautocin da fakitinka ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya, wato na'urorin da ke miƙa shi daga wannan netwok zuwa wancan. Wannan ɗan zaman zai buɗe maka ido fiye da bidiyo goma, domin netwok ɗinka ne, a gabanka yake, kana iya kashe shi ka ga me ya canza.

Yanzu lambobin da suka firgita ka. Adireshin IP irin wannan, da ake kira IPv4, bit 32 ne (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1), an raba shi gida huɗu, kowane gida bit 8, shi ya sa kowace lamba take tsayawa tsakanin 0 da 255. Lambar da ke bayan sandar tana gaya maka bit nawa ne daga farko aka ware wa sunan netwok ɗin. Abin da ya rage shi ne na kwamfutocin da ke ciki. In an ce /24, an ɗauke 24, saura 8. Ninka biyu sau takwas: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Adireshi 256 ke nan. A cire na farko da na ƙarshe da ba a ba kwamfuta, saura 254. A AWS biyar suke riƙewa a kowane sabnet, wato ƙaramin netwok da aka yanka daga babba, don haka 251 za ka samu. In an ce /16, saura bit 16, wato adireshi 65,536. Saboda haka duk lokacin da malamin ya rubuta 10.0.0.0/16 sannan ya rubuta 10.0.1.0/24, abin da ya yi kawai shi ne ya ɗauki babban fili mai adireshi 65,536 ya yanki guda daga cikin kashi 256 da za a iya fitarwa. Iyakarta ke nan. Mutumin da ke lissafin caji da canji daga safe zuwa dare, yana kuma kula kada wani ya yi masa wayo da alat na bogi, wannan ba zai gagare shi ba. Biro da takarda kawai yake so. Ka riƙa ba kanka aiki: raba 192.168.10.0/24 gida huɗu, ina kowanne ya fara, ina ya ƙare? Amsar ita ce /26 guda huɗu, masu farawa daga 0 da 64 da 128 da 192. Ka yi ta yi har ya zama ba ka buƙatar takardar.

Za ka lura lambobin nan masu farawa da 10 da 192.168 suna ta maimaituwa a ko'ina, a gidanku, a ofis, a AWS. Dalili shi ne adireshin IPv4 gaba ɗaya bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, bai ma kai yawan mutanen duniya ba. Sai a 1996 aka tabbatar da wasu jeri uku na amfanin cikin gida, 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, waɗanda kowa zai iya amfani da su a cikin netwok ɗinsa amma ba sa yawo a intanet. In kwamfuta mai irin wannan adireshin za ta fita waje, sai rauta ta musanya mata shi da adireshin waje. Wannan musanyar ita ce NAT. Wayarka tana yin ta duk lokacin da ka kunna hosfot. Ranar da ka koma bidiyon ka ji an ce NAT Gateway, za ka gane tsohon sani ne.

Bayan wannan sai ka yi rajista a Cisco Networking Academy, kyauta ne, ka sauke manhajar Packet Tracer. A cikinta za ka jawo kwamfutoci da siwici da rauta ka haɗa su da waya a allo, ka ba su adireshi, ka ga fakiti yana tafiya. Tsohuwar kwamfutarka za ta ɗauki ƙananan gwaje-gwaje, kuma bayan saukewa ba ta cin data sosai. A nan ne nake so ka canza salon karatunka gaba ɗaya, domin shi ne ciwon da ka faɗa da bakinka: kana bin malami kana dannawa, abu ya yi, ka rufe ka manta. Ai dole ka manta, tunda shi ne ya yi tunanin, kai hannu kawai ka ba da. Kalli darasin sau ɗaya, ka rufe shi, ka buɗe fili fari fat ka gina abin da kanka. Zai ƙi aiki. Wannan ƙin shi ne karatun. Ka nemo dalilin, ko adireshi ne ka rubuta ba daidai ba, ko ƙofar fita ce ba ka sa ba, ko rautar ba ta san hanyar dawowa ba. In ya yi, ka ɓata shi da gangan ka ga irin alamar da kowace ɓarna take nunawa. Ana ɗaukar mutum aiki ne don ranar da abu ya lalace, kuma a ranar ba bidiyon da zai nuna masa inda zai danna.

Abu na biyu kafin gajimare shi ne Linux. Mafi yawan sabobin da za ka haɗu da su shi suke gudanarwa, har a Azure ta Microsoft fiye da rabi Linux ne. Sauke VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Ubuntu Server a cikinta, wani nau'in Linux wanda ba shi da hotuna sai rubutu zalla, don haka RAM 1GB ko ɗan fiye ya ishe shi. Ka koyi yawo cikin fayiloli, ba da izini da hanawa, ƙirƙirar mai amfani, shiga daga nesa da ssh, girka sabar shafi irin nginx, da karanta bayanan da saba take rubutawa in wani abu ya faru. Lokacin da kake shago ba kwamfuta a kusa, manhajar Termux a wayar Android za ta ba ka damar gwada umarni da dama. A nan za ka fara jin lambobin ƙofofi suna zama maka a kai: 22 ta ssh, 53 ta DNS, 80 da 443 na shafukan intanet.

Sai bayan waɗannan biyun za ka buɗe asusu a gajimare, kuma akwai dalilin kuɗi a cikin wannan jinkirin. Kyautar da suke ba sabon shiga agogo gare ta. Google tana ba da dala 300 na kwana 90, Microsoft dala 200 na kwana 30, Amazon kuma ta sauya sharuɗɗan kyautarta a 2025, don haka ka karanta abin da ke shafinsu a ranar da za ka buɗe, kada ka dogara da abin da tsohon bidiyo ya faɗa. In ka buɗe tun kana fama da sabnet, kwanakin za su ƙare kana kallon allo. Sannan za su nemi katin banki mai biyan kuɗin waje, kuma ka san katin naira ba kullum yake wucewa ba, sai ka tambayi bankinka tun da wuri.

Wanne za ka zaɓa? Ɗaya kawai. AWS ce ta fi girma a kasuwa kuma darussanta sun fi yawa, Azure kuma tana da ƙarfi a wuraren da dama can kayan Microsoft suke amfani da su. Tunda ka fara da AWS, zauna a kanta. Wanda ya gane ɗaya, ɗayar sunaye ne kawai za su canza masa. Darussan kyauta na kamfanonin da kansu suna nan a AWS Skill Builder da Microsoft Learn, kuma ka saba wa kanka karanta bayanan da suke rubutawa, ko da Turancin ya yi maka nauyi da farko. Bidiyo yana tsufa, shafin bayanin kuwa ana sabunta shi.

Ka ɗauki abin kamar wanda ya kama hayar shago a filaza. Mai ginin shi ke da alhakin gini da wuta da maigadin bakin get. Amma in ka tafi gida ka bar shagonka a buɗe aka kwashe kaya, ba ka da bakin kai ƙararsa, kuma kuɗin haya yana tafiya ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Sababbin shiga a waɗannan wurare biyu suke ƙonewa. Don haka ranar farko, kafin ka ƙirƙiri komai, ka sa wa babban asusun tabbaci na biyu ta waya, ka ƙirƙiri ƙaramin asusu na aikin yau da kullum, ka kuma saita ƙararrawar kasafi da za ta aiko maka saƙo in kuɗi ya wuce dala 1 ko 2. Kada ka taɓa ɗora makullin shiga asusunka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, domin akwai manhajojin ɓarayi da aikinsu kawai shi ne sintiri suna neman irinsa, su kunna manyan kwamfutoci da sunanka, kai a bar ka da bashi. NAT Gateway ɗin da malaman bidiyo ke ƙirƙira cikin fara'a ana cajinsa kowace awa, a yankunan Amurka masu araha ma yana haura dala 30 a wata ko ba ka yi komai da shi ba. Tun Fabrairu 2024 kuma Amazon tana cajin rabin santi a awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, kusan dala 4 ke nan a wata. Mayar da waɗannan naira ka ga abin da suke nufi ga mai zaman shago. Ka gama gwaji, ka goge komai a daren, ka kuma duba ko ka bar wani abu a kunne a wani yankin na duniya da AWS ke da kwamfutoci, domin allon yanki ɗaya yake nuna maka a lokaci guda.

Aikin da nake so ka sa a gaba guda ɗaya ne, amma ka yi shi ba tare da bidiyo ba. Gina VPC da hannunka. Yanki sabnet biyu, ɗaya mai fita intanet, ɗaya na ciki. Sa sabar shafi a na farkon, rumbun bayanai a na biyun. Buɗe ƙofa ta 80 da 443 ga kowa, ƙofa ta 22 kuma ga adireshinka kai kaɗai. Tabbatar sabar shafin tana magana da rumbun, amma ba wanda zai iya taɓa rumbun daga waje. Shafin zai iya zama mai sauƙi, ko na lissafin cinikin shagonku ne, da bayanan gwaji ba na kwastomomi ba. Sannan ka rubuta yadda ka yi, da zanen netwok ɗin, da wuraren da ya ƙi da yadda ka gano dalili, ka ajiye a GitHub. In ka iya wannan, sai ka sake gina shi da Terraform, wato ka rubuta tsarin a fayil manhaja ta gina maka shi. Git da ɗan Bash da ɗan Python za su shigo da kansu a hanya, ba sai ka tsaya ka zama marubucin manhaja ba tukuna.

Yanzu satifiket. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. Jarrabawar AWS ta matakin farko, Cloud Practitioner, dala 100 ce, kuma ta sanin sunaye ce da manufofi, har ma'aikatan talla da manajoji suna yin ta. Ita kaɗai ba ta sa a miƙa wa mutum sabobin kamfani. Wadda masu ɗaukar aiki suka fi kallo ita ce Solutions Architect Associate, dala 150. CCNA ta Cisco dala 300 ce, tana da nauyi, amma ko ba ka zauna jarrabawarta ba, manhajar karatunta ita ce taswirar da za ka bi a watannin farko. Dukkansu bayan shekara uku sai an sabunta, wani dalilin ke nan na kada ka yi gaggawar karɓa tun ba ka shirya neman aiki ba. Za kuma a kawo maka tallar tambayoyin jarrabawa da aka sato, a ce ka haddace ka wuce. Ban da cewa ana soke satifiket ɗin wanda aka kama, ranar intabiyu tambaya ɗaya za a yi maka, misali a ce saba tana kunne amma ba a samun ta daga waje, me za ka fara dubawa? Hadda ba ta amsa wannan.

Game da kwas ɗin, ban san masu shi ba, ba kuma zan yanke musu hukunci ba. Abin da na sani shi ne wata uku ba ya isa a ɗauko mutum daga inda kake a kai shi inda suke alkawari, kuma a aji mai gudu, wurin da ya ɗaure maka kai a bidiyo shi zai sake ɗaure maka, sai dai wannan karon ba maɓallin tsayarwa. In har wata rana ka so shiga, ka nemi su haɗa ka da tsofaffin ɗalibansu ka yi magana da su kai tsaye, ka tambayi ko kuɗin ya haɗa da na jarrabawa, ka ce a rubuta maka alkawarin aikin a takarda tare da abin da zai faru in bai samu ba. Yadda fuskarsu za ta canza a tambaya ta ƙarshe zai gaya maka sauran. Kafin nan ka sa ido kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023, fasahar gajimare tana cikin fannoninsa kuma ba a biya. Ko ba komai zai haɗa ka da abokan karatu, abin da mai koyo shi kaɗai ya fi rasa.

Kawu kuma, ka je ka same shi da kanka, ba a waya ba. Ka yi masa godiya, ka gaya masa ka bincika ka ga akwai share fage da za ka yi kyauta, kuma ba ka so kuɗinsa su tafi a banza. In ya yarda, ka nemi kaɗan daga ciki yanzu: a ƙara wa kwamfutarka RAM zuwa 8GB in tana ɗauka, a sa mata SSD, a taimaka da data da abin cajin da zai riƙe ka in an ɗauke wuta. Sauran ya riƙe na kuɗin jarrabawa. Dattijon da ya ga yaro ya dawo masa da lissafi irin wannan, amincewarsa ƙaruwa take yi. Ka kuma riƙa kai masa labarin inda ka kai lokaci zuwa lokaci, kada sai ranar da kake buƙata.

Batun aiki daga ɗaki a biya da dala, akwai masu yin sa, amma kusan dukkansu sun fara ne da aikin da ba shi da ƙyalli. Kamfanin da ke wata ƙasa ba zai miƙa makullan dukiyarsa ga wanda bai taɓa riƙe saba ta gaske ba. Aikinka na farko mai yiwuwa a nan gida zai kasance, a makaranta ko asibiti ko otal ko wurin masu raba intanet, kana jan waya, kana matse kanta, kana saita rauta, ana kiranka in firinta ta ɓace daga netwok. Kada ka raina shi. Zariya gari ne na makarantu, kuma cibiyoyin jarrabawar JAMB ta kwamfuta kowacce netwok ce ta gaske, kwamfutoci fiye da 200 a kan saba, a ranar da ba a yarda da kuskure ba. Ka nemi mai kula da ɗaya daga ciki ka ce kana so ka riƙa taya shi aiki lokacin shiri, ko ba biya. Abin da za ka gani a mako guda a can, Packet Tracer ba za ta nuna maka shi ba: waya da ɓera ya ci, siwici da zafi ya kashe, adireshi biyu da suka yi karo.

Shekara 28 ba makara ba ce. In kana ba abin awa biyu a rana ba fashi, ka sa ran wata biyu zuwa uku a netwok da Linux, wasu ukun ko huɗu a gajimare, kafin ka fara tunanin jarrabawa. Akwai kuma ribar da ke cikin faro wa ta nan: in bayan wata biyu ka ga ranka ba ya son zaman neman dalilin da ya sa fakiti bai isa ba, to ka samu amsarka ba tare da an yi asarar naira 400,000 ba, domin aikin gaba ɗaya haka yake, sai ka duba wani fannin da zuciya ɗaya.

In kuwa ka ji daɗinsa, ga yadda za ka san ka isa komawa wurin kawu. Ka iya raba /24 gida takwas da ka. Ka iya bayyana wa wanda bai sani ba abin da ke faruwa tun daga rubuta sunan shafi har ya bayyana a allo, da DNS da ƙofar fita da NAT duka a wurarensu. Ka kuma gina VPC ɗin nan daga farko, wani ya ɓata maka abu ɗaya a ciki ba tare da ya gaya maka ba, ka gano shi. Ranar da ukun nan suka tabbata, ka yi rajistar Solutions Architect Associate. Allah ya ba da sa'a, ka gaida kawu.